Abin da Ya Sami Wule a Fadama

Haɗeja, 9 ga Shawwal, 1365.

Zuwa ga Kawu Hamman, a Madani ta ƙasar Sudan. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauƙaƙa maka aikin auduga, ya nufe ka da ƙarasawa Makka bana. Mun yi salla lafiya. Ƙafar Inna Hajo ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida, matata Zinariya kuma ta sauka, an sami namiji, an sa masa sunanka.

Kawu, na daɗe ina juya alƙalami kafin in kai nan, don kunya nake ji. Takardar da na aiko maka kafin azumi, wadda na ce na ga shanu da idona, suna lafiya, ƙarya na rubuta. Ranar da za ka tafi ka kai ni fadama, inda suke yawonsu ba makiyayi. Ka ce kowace Juma'a in je in kira su, in ba su kanwa da hannuna, in duba kofato. Ka nuna mini turken da ka kafa a bakin kogi, ka ce kada in dubi sama, domin ruwanmu daga yamma yake gangarowa ko nan ba a yi yayyafi ba, ranar da ya taɓa tsagar da ka yi a jikin turken in kora su tudu. Na yi ta cewa to, kamar mutumin kirki.

Na riƙe wannan shekara ɗaya. Sai na sayi keken ɗinki, na zama tela mai rumfa a kasuwa, kaina ya kumbura. Da farko ina zuwa, amma ba na sauka daga doki. In na hango fararen bayansu cikin ciyawa sai in juya. Daga baya ma sai tambayar masunta nake yi ko sun gan su. Da azumi ya kama, ɗinkin salla ya rufe ni, na daina ko tambayar.

Saura kwana huɗu salla Umara masunci ya zo rumfata, wandonsa jiƙe, ya ce ruwa ya shanye turken tun shekaranjiya, shi ya ɗauka na kwashe su tuni. Na bar rigar mutane a bakin allura na bi shi. Garken ya fi ni hankali, sun yi iyo da kansu sun haye tudu. Wule ce kaɗai babu, mai farin goshin nan da amininka Buba na Kafin Hausa ya ba ka aro bisa al'adarmu, ta haifa maka uku sannan ka mayar masa da uwar. Cikin na ukun ya tsufa, nauyi ya hana ta. Da yamma muka same ta, ruwa ya maƙale ta a gindin giyayya, ko yankawa ba a samu ba.

Bayan salla na je na gaya wa Buba ta mutu a ruwa. Na ce zan sayar da keken in sayo masa karsana. Ya ɓata rai, ya ce saniyar aro in Allah ya karɓe ta ba a ramawa, kuma ya san gidan Hamman ba a sakaci da dabba, in ruwa ya ci ta to kwananta ne ya ƙare. Ya sa aka dama mini fura da nono, ya yi ta ba ni haƙuri, wai kada in sa abin a rai. Kawu, na shanye furar nan tas. Da sunanka ya wanke ni, ni kuwa na bari. Wannan ya fi mutuwar Wule ci mini rai.

Gobe zan koma in faɗa masa yadda aka yi, ya san laifin nawa ne, ba na gidanka ba. Ban san ko zai sake miƙo wa zuriyarmu saniya ba. Ina roƙonka ka rubuto masa da hannunka, ni kuma ka yi mini hukuncin da ka ga dama.

Sauran shanun suna tudu, lafiyarsu ƙalau, wannan karon na shafa kowace da hannuna. Sai dai in na yi musu kiran da ka koya mini, ɗaga kai kawai suke yi su dube ni, su ci gaba da kiwonsu.

Inna Hajo da Zinariya da ƙanena Ja'afaru suna gaishe ka. Ka gai da Baba Yakubu da sauran abokan tafiya. In ka isa Ɗakin Allah ka sa ni a addu'a, in ka yafe.

Ni ne ɗanka mai laifi,
Ɗahiru.