Jitar da Ƙaninki Ya Zaɓo

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, cikin rufin asirin Allah. Ya ƙafar taki? Na ji an ce kumburin ya sauka, Allah Ya ƙara sauƙi. Amma don Allah ki rage tsayuwar nan a kicin, yaran nan sun girma, su ma su taɓa. Mu nan kowa lafiya. Babbar tamu ta fara koyon ɗinki a wurina, ta riga ta ƙone mini yadin mutane da dutsen guga, auta kuma haƙoransa na gaba sun zube, ba ya dariya sai ya rufe baki. Ƙaninki ne dalilin wannan wasiƙa, kuma gaskiya hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san tsohuwar jitarsa, wadda yake wasa da ita a otal duk ƙarshen mako. Wuyanta ya tsage, mai gyara ya ce ta gama yi. Dama shugaban ƙungiyarsu ya fara ƙorafi, wai kwanan nan in ana wasa ƙaninki yana shiga kiɗa a makare, wani lokaci kuma ya wuce mai ganga. Ya ce masa ya gyara ko ya ba wani wuri, ga shi kuwa masu neman wurin ba su da adadi. Ke kin san wasan nan shi ne riƙe da rabin gidanmu, kuma in aka raba shi da shi ban san abin da zai rage na mutumin ba. Shi dai ya ɗora wa jitar laifi duka, ni ma na yarda.

Sai ya ce in zai saya, irin ta marigayi kawunku yake so. Za ki tuna ta, ja ce mai faɗin jiki, da tsaga biyu masu lanƙwasa a fuskarta. Ashe har yanzu ana ƙera su, sababbi fil amma a kan fasalin na da, har maɓallansu irin na da ne. Ya yi ta nuna mini hotuna a waya har na fara ganinsu a mafarki. Ranar da zai je ya ce in sa mayafi in raka shi. Na yi mamaki, don tunda muka yi aure bai taɓa neman shawarata a kan kayan kiɗa ba, ni da yake cewa ko tafi ban iya ba.

Shagon yana saman bene, ƙasansa masu facin taya ne. Ɗan siriri ne, an rataye jitoci a bango kamar riguna, ko'ina ƙanshin katako da man gogewa. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, ganin na yi tsuru-tsuru ya yi mini bayani. Ya ce akwai wadda jikinta katako ne cunkus, akwai mai fankon ciki gaba ɗaya, ita kuwa wadda muke nema rabi da rabi ce: fanko ta gefe biyu, katako a tsakiya. Ya ce muryarta da taushi, amma tana da hali ɗaya. In aka ƙure lasifika kuma aka fuskance ta da ita, sai ta ɗauki wata siririyar ƙara, dole mai ita ya yi sauri ya dafe tsarkiyoyin ko ya juya baya.

Ya sauko mana da guda biyu, ja irin ta kawu sak, da wata ruwan zuma mai duhun gefe. Na ɗauka magana ta ƙare, ja za a ɗauka mu tafi gida. Ina! Ƙaninki ya rungume wannan ya kaɗa, ya ajiye, ya rungume waccan. Har haɓarsa yake ɗorawa a gefenta yana kaɗa tsarkiya ɗaya. Na tsokane shi na ce ko kankana muka zo saye, bai ko tanka mini ba, na ce a raina yau ma miskilancin ya motsa.

Da aka jona ruwan zumar da lasifika ya murɗa sautin, ya ƙara murɗawa, sannan ya juya ya fuskanci lasifikar. Yaya, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana na ji ta. Jakata ta faɗi, wata mata da ta shigo sayen abu ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, mai shago ya taso da gudu. Ƙaninki kuwa idonsa a rufe, yana murmushi, yana ta kiɗansa. Sai da aka zare wayar lasifikar sannan ya buɗe ido, ya tambaya cikin jin haushi me ya sa aka katse shi. Sai mai shagon ya kalle ni. Nan na gane mijina bai ji komai ba.

A tsaye a wurin abubuwa suka yi ta dawo mini. Yadda yake ƙure rediyo har maƙwabta su yi magana. Yadda nake kiransa daga tsakar gida ya yi shiru, in ce kunnen uwar shegu yake mini. Yadda yanzu in kana masa magana bakinka yake kallo. Ashe ba jitar ce take makara ba.

Dattijon ya yi dabara, ya ce tunda wurin wasansu da hayaniya, ko zai gwada mai cunkusasshen jiki, ita ba ta cika wannan rigimar ba. Ya karɓa ya kaɗa, nan da nan ya miƙa masa, wai kamar ya rungumi ƙofa. Ja ɗin ma ya ce kyau ne kawai da ita. Ruwan zumar yake so, don in ya kaɗa ta yana jin ta a haƙarƙarinsa. Kin ga inda matsalar take. Wadda ba za ta kunyata shi ba, ba ya jin ta. Wadda yake ji a jikinsa kuma tana iya yin wannan ihun a gaban baƙi da shugabansu, shi yana murmushi bai sani ba. Haka muka ɗauko ta.

A hanya na lallaɓa na ce ko za mu je a duba masa kunne. Ya haɗe rai, ya ce kunnensa lafiya lau, da shi ya ci abinci tun kafin ya san ni. Shi ya sa na zo gare ki. Ke kika raine shi, maganarki kaɗai ce ba ya tsallakewa. Ki lallashe shi ya je asibiti tun abin bai yi nisa ba, ko akwai abin da za a sa masa. Amma kada ki nuna masa ni na faɗa.

Jiya da la'asar ina kan keken ɗinki ya shigo da ita, ya tura ƙofa, ya zauna a bakin gado ya kaɗa mini waƙa guda har ƙarshe. Da ya gama ya ce in dube shi in faɗa masa tsakani da Allah, ta yi daɗi? Mutumin da ake kira daga nesa ya saurari kayan kiɗa ya faɗi aibinsu, yau ni yake tambaya. Na ce ta yi, kuma wallahi ta yi. Ya daɗe yana shafa wuyanta. Can ya ce ranar Asabar zai fara fita da ita, yana so in zo in zauna a layin gaba, inda zai riƙa ganina. In ta yi irin abin da ta yi a shago, in taɓa kunnena. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ce to, na juya kan keke don kada ya ga idona.

Ki gaishe mini da maigida da kyau, da babban ɗanmu da amaryarsa, da 'yan biyu, da Goggo in kin je wurinta, amma ita kada ta ji wannan tukuna. Yara suna gaishe ki. Ranar Asabar ki tuna da mu a addu'a, Yaya, Allah Ya sa a tashi wasan nan hannuwana suna kan cinyata.

Taki har kullum,
Matar ƙaninki