Ciwon da Muka Ce Iska Ce

Inna,

Assalamu alaikum. Na san takardar ga ba mai kai miki ita. Ko kina raye ma, sai an karanta miki.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana. Yaya Sani ya fasa ɗakinki na Shagari ta waje ya mai da shi shago, wani tela ke ciki. Matar ɗanki Bello ta haihu, mace, an sa sunanki.

Ni kuma ciwonki gare ni. Ina nufin kwanakin da kike rufe ƙofa ki juya fuska ga bango, mu kwana da ɗumame, Baba ya ce iska ce. Ciwon ya soma mini tun kina da rai. Ban faɗa ba, don kada ki ce ke kika ba ni. A asibitin Sakkwato sun ce sunansa ciwon damuwa.

Na sha rubutu, an yi ruƙiyya. Daga baya aka haɗa ni da wata ma'aikaciya da aikinta sauraron mutane. Mace ce mai kirki. Tun farkon damina nake shiga mota daga Boɗinga in je in zauna gaban matar, ta tambaya in amsa. Duk abin da ta ce in yi, na yi. In komo gida in kwanta kamar ban je ba. Ba kuka nake ba, Inna. Tuwo ne babu ɗanɗano, barci babu hutu.

Wata safiya na hangi Hauwa'u, babbar ɗiyata, tana wuce ƙofata da takalmanta a hannu, tana yi wa ƙannenta alamar su yi shiru. Ko famfarar haƙora ba ta gama ba. Wa ya koya mata? Ni wa ya koya mini?

Sai na gaya wa maigidana ƙwaya nake so. Ya ji tsoron bakin mutane, kada a ce matarsa na shan maganin mahaukata. Bayan kwana biyu ya ɗauko mashin ya kai ni da kansa.

Likita ya tambaye ni ko ina tunanin mutuwa. Na faɗi gaskiya. Ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya. Ya ce sai an yi makonni kafin a ga aikinta, kada in bari don raɗin kaina, kuma in ci gaba da ganin matar nan.

Yanzu dai bakina bushewa yake, zuciyata na tashi. Jiya na yi wa Hauwa'u rabin kitso, maƙwabciya ta ƙarasa. Ban sani ba ko ƙwayar ce.

Da an miƙa miki ita, da kin sha? Ina jin da kin ɓoye ta a haɓar zane, kin ce lafiyarki lau.

Allah Ya kai haske kabarinki.

Ɗiyarki,
Rabi