Bargon da Na Ajiye a Bakin Teku

Port St Johns, Talata

Baban Puleng,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar taka? Ya tumaki, ya sanyin Mokhotlong? Mamosa ta cocinmu ce ke rubutawa ina faɗa, ta ce in share hawaye kar in jiƙa mata takarda.

Na ɗebo maka ruwan tekun da za ka shafa wa ƙafar, jarka guda, har da yashi don kar ka ce na famfo ne. Amma na yi ɓarna. Bargon da ka saya mini da aka haifi Puleng, zafi ya sa na ninke shi na ajiye kan yashi, nesa da ruwa. Fasfona na ciki, na maƙale shi da fil. Ni da matan cocinmu muka shiga kallon gari. Da muka dawo, ruwa ya cinye wurin. Ko ɗigo bai sauka daga sama ba! A gida ai kogi ba ya cika sai hadari ya taso kan duwatsu. Wa ya gaya mini wannan don kansa yake tashi?

Direban motarmu ya ce, "Iya, ba fasfo ba komawa Lesotho. A boda zan sauke ki, ki auri ɗan sanda." Mata suka yi dariya. Ni kai na tuna. Wa zai dama maka kunu?

Taka,
Mapuleng

Lusikisiki, Laraba

Baban Puleng,

Da fatan ka tashi lafiya. Yau an hau da mu garin nan na kan tudu. Suna ta nuna kwari da gajimare, ni ko ƙasa nake kallo. A kasuwa sai ga bargona a kafaɗar wata mai sayar da kifi! Ƙunar da lofen tabarka ya yi masa na gane. Na damƙe gefen.

Ta ce, "Kaka, sake ni. Teku ta kusa haɗiye shi, ni na ƙwato."

Direba na ta danna hon. Na lalubi cikin bargon. Fil na nan, fasfo na nan, a bushe. Ta ce in ɗauki takardata, bargo kam ladanta ne. Mota ta fara motsi. Na cire fasfo na saki bargon.

Kar ka yi mini faɗa. Gobe ina gida da ruwanka. Ka hura wuta sosai, ba bargo zan zo.

Matarka,
Mapuleng