Shansherar Abdussamadu

Lahadi, 18 ga Nuwamba, 1984

"Ki aje alli ki zauna gida ki riƙe mini ɗiya, Riskuwa. In dai ina da rai, ba ki neman ko gishiri." Haka ya ce a zauren Baba, gaban mutane, shekarar da na haifi Ma'u. Na aje allin. Yau yana da rai, har ya yi tumbi, ni kuwa gishirin da na sa a miya na Goggo Tamba maƙwabciyata ne.

Tun da ya sake ni ya koma Argungu, ko ƙwayar gero ba ta shigo gidan nan da sunansa ba. Abdussamadu. Da ba na faɗin sunan, kunya wai. Yanzu ina rubuta shi baro-baro.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Kotu. Ya zo da babbar riga mai aiki, yana ƙamshin turare. Alƙali ya tambaye shi ciyar da Ma'u da Kalilu, sai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, in ba ta iyawa ta ba ni ɗiyana, uwata na nan." Na ce zan koma koyarwa. Ya yi caraf: "To wa ka riƙon su in ta hita?"

Ka ji tarko. In na zauna, ba ni da abin ba su, ya ɗauke su. In na fita nema, na bar su, ya ɗauke su.

Na ce wa alƙali riƙo na uwa ne, ciyarwa ta uba, ba a haɗa su a wuyan mutum ɗaya. A gaban Baba na karanta wannan babin tun ban isa ɗaura zane da kyau ba. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau kamar akuya ce ta yi sallama. Amma ya yanke: yara suna hannuna muddin ina gida, shi kuma ya kawo abincinsu daga gonarsa ta Zauro, da tufafi da magani.

Litinin, 10 ga Disamba

Ya aiko. Hodi ƙanensa ya sauke buhuna a ƙofa, bai ko shigo ya sha ruwa ba. Na kwance ɗaya: shanshera ce, shinkafa da ɓawonta kamar yadda ta fito daga fadama. Na ce, "Hodi, yaran tsuntsaye ne?" Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni aike na."

Abdussamadu ya san ban taɓa gumin shinkafa ba. A makarantar kwana na girma. Ya zauna ya yi tunanin wannan, shi ne abin da ke ci na.

Talata, 11 ga Disamba

Ma'u ta tambaye ni ko gaskiya ne za a kai su wurin kakarsu. Na daka mata tsawa. Ba ita ta yi mini laifi ba.

Asabar, 22 ga Disamba

Goggo Tamba ta leƙo ta katanga ta same ni ina ƙoƙarin surfa shansherar ɗanya, duk ta farfashe ta zama tsaki. Ta yi dariya har da tari. "Malama, duk karatun ga, ba a gaya muku shinkahwa na son wanka ba?"

Ta kawo rabin gangarta. Ta ce haka ake gumi: a jiƙa shanshera ta kwana, a turara har ɓawon ya buɗe baki, a shanya, a riƙa juyawa da ƙafa, sannan a kai inji. Hayaƙi ya cika mini ido. Tukunyar farko ta kama, ta biyu ta yi laushi. Hannuna na dama ya tashi bororo. Ina juyawa ina tsine masa a zuci, Allah na tuba.

Kalilu ya yi zazzaɓi. Don kuɗin allura na sayar da tasoshin aurena biyu. Maganin da alƙali ya ce, shiru. Tufafi, shiru.

Laraba, 9 ga Janairu, 1985

Shinkafar ta fito fara tas, ba tsakuwa. Matar wani ma'aikacin sakatariya ta gan ta a faifai ta ce in sayar mata. Na ce ta yara ce. Ta dawo da buhun shansherarta, in yi mata gumi ta biya ni.

Na karɓa. Ban taka ƙofar gida ba, balle a ce na fita.

Juma'a, 1 ga Fabrairu

Ganguna biyu ke kan wuta yanzu. Ma'u ta samu takalmi.

Hodi ya zo da saƙo: wai Yaya ya ji ana sana'a a gidan, tunda ina samu, sai a rage abin da yake kawowa. Na aje muciya. Na ce ya gaya masa guminsa daban, nawa daban. Hayaƙin da na sha bai sauke masa ko zare ɗaya na rigar Kalilu ba. Uban yara ba ya yin murabus don uwarsu ta iya hura wuta.

Hodi ya ce, "To buhun gaba, a kai shi inji tukuna?" Na ji bakina ya ce a'a, a kawo ta yadda take, masu injin Argungu ɓata ta suke yi. Ban san me ya sa ya yi murmushi ba. Bayan ya tafi na lura ban tambaye shi ko Abdussamadu ya ambace ni ba. Mantuwa ce kawai, aiki ya yi yawa.

Na ba Abdussamadu wa'adi zuwa ranar da za a buɗe ruwa a kogin Matan Fada, bikin kamun kifi na Argungu. In aka gama kamun kifi tufafi da kuɗin magani ba su iso ba, washegari zan bar wa Goggo wuta, in ɗauki yaran mu shiga motar Argungu. Ba gidansa zan je ba. Zauren liman na unguwarsu zan zauna, inda yake jin kunyar mutane, in maimaita maganar gishiri kalma-kalma, sannan in wuce kotu.