Gungume Ɗaya Sau Goma Sha Biyu

Asabar, 2 ga Satumba

Ruwan bana ya ruɓar da ƙiraren da na ɗora a matsayin gumagumai a taragon ɗan jirgin ƙasana na wasa da ke lambu. Har naman kaza ya tsiro a kan ɗaya. Ran sha takwas, ranar bikin 'yancin kai, 'yan ƙungiyarmu ta masu jiragen wasa za su zo kallo, mu tara, duk tsofaffin yara. Baldomero mai kemis ya riga ya bugo waya: "Mutumina, gumagumai za mu gani ko makamashin gasa nama?" Na yanke shawara zan yi na zubi, waɗanda ruwa ba ya ci.

Surukina Don Rosamel yana ɗakinsa. Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa, wata uku da 'yarsa Herminda, matata, ta dawo da shi gidanmu nan Curacautín. Yana cin abinci, yana kallon bango. Shekara talatin ya yi yana lodin gumagumai a tasha, shekara ashirin da shida yana kirana "Malamin takarda". Yanzu ko wannan ya daina. Ban ce na yi kewa ba.

Talata, 5 ga Satumba

Na yanko reshe mai kyan ɓawo, na kwantar da shi a kwali, na kwarara masa roba mai ruwa. Ta daskare, ta zama mazubi. Zubin farko na ƙaro ya fito da kumfa kamar cuku. Na biyu ya manne a yatsana. Herminda ta ce, "Maigida, littattafai dubu a gidan nan, babu wanda ya ce ka shafa mai?"

Alhamis, 7 ga Satumba

Goma sha biyu! Sumul. Na yi musu fenti ruwan ƙasa, na goga toka-toka a kan ɓawon da busasshen buroshi. Na tsaya ina kallonsu kamar wanda ya gina coci.

Lahadi, 10 ga Satumba

Na loda su, na ɗaure da sarƙar wuyan Herminda ta dā (ba ta sani ba tukuna), na saki jirgi. A kwanar da ke ƙarƙashin tagar Baba, surukin nawa, tarago ya kife. Na ɗaga, na sake. Ya sake kifewa. Sai na ji an buɗe taga.

"Malamin takarda."

Na ɗaga kai.

"Wane dabba ne ya yi wannan lodin?"

Na ce ni ne, Baba.

"Na sani. So nake in ji daga bakinka."

Wai na jera tushe duk gefe guda. Ana sa tushen wannan kusa da kan wancan ne, mai kauri da siriri, nauyi ya rabu. Ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya jujjuya, ya karɓi na biyu, na uku. "Itace ɗaya ka sare sau goma sha biyu? Ga ƙullin nan a wuri ɗaya, kamar hancin danginku. Kuma wannan tuffa ce. Wa ya taɓa hawa dutse da shanu don ya saro tuffa?"

Ya rufe taga. Herminda tana bakin kicin da ludayi a hannu, idonta ya cika. Na ce mata an ci mutuncina ne, ba abin murna ba ne.

Litinin, 11 ga Satumba

Bai fito ba. Na kunna jirgin sau uku. Don gwaji.

Laraba, 13 ga Satumba

Ina shan shayin mate da safe sai ga shi da hula da bargon kafaɗa. "Tashi. Kana da mota ko ita ma ta zubi ce?"

Mun je gefen daji a hanyar Lonquimay. Ni da na koyar da tarihin yankin nan shekara ashirin da huɗu, ashe ban iya bambanta itace biyu ba. Ya sa ni shafa ɓawo ido a rufe. Pellín mai kaushi ne, tsagarsa da zurfi, cikinsa ja kamar nama. Raulí tsagarsa doguwa, a miƙe. Coigüe toka-toka, gansakuka na son shi. Bai yarda da reshen da ke da ɓawon yaro ba. Sai busasshe wanda ya tsufa, ya yi kama da babba in an ƙanƙance shi. Mun dawo da bakwai. Ya ci fanken sopaipilla huɗu a hanya, ya ce mai suyar ba ta iya ba.

Juma'a, 15 ga Satumba

Mazubi bakwai, gumagumai ashirin. Ni ke zubi, shi ke fenti, domin wai hannuna na alli ne. Nasa yana rawa, amma da ya kai kan gungume sai ya tsaya cak. Ya ƙi launin da na haɗa wa fuskar yanka: "Wannan an sare shi bara. Namu jiya aka sare, yana jiƙe." A kowace fuska ya ɗiga ja biyu da ɗan layi, alamar ayarinsu, don kada a tasha a haɗa nasu da na wasu.

Yana yi yana ba da labari. Wai a kan tulin pellín ya fara ganin Doña Clorinda, marigayiya matarsa, ta kawo wa wanta abinci, ya tsaya kallo har gungume ya kusa take masa ƙafa. Karo na farko da ya ambaci sunanta tun rasuwarta. Na yi kamar ina neman murfin gwangwani.

Litinin, 18 ga Satumba

An zo, an ci nama, an sha. Baba ya yi lodi da kansa, da hantsakin girar Herminda. Jirgi ya sha kwanar taga kamar maciji, ko gungume bai motsa ba. Baldomero ya duƙa da tabarau ya ce, "Kai, wannan coigüe ya yi kyau." Baba ya ce, "Raulí ne, likitan tari." An yi dariya har kare ya yi haushi.

Da aka tambayi wanda ya yi aikin, ya nuna ni da haɓa: "Surukina ne ya zuba. Bai lalata da yawa ba."

Na karanta yabo iri-iri a littattafai. Ban ga wanda ya kai wannan ba.

Alhamis, 21 ga Satumba

Biki ya wuce, kwana biyu tagar a rufe. Yau da safe ina share layin dogo, gungume ɗaya ya juya a hannuna, tushe ya koma kusa da tushe. Kuskure ne. Tarago ya kife daidai inda ya saba.

Ya fito da silifas, yana faɗa tun daga ƙofa. Ya gyara, ya dube ni ya daɗe.

"Gobe ka juya na ƙasa," in ji shi. "Na sama ya yi sauƙin ganewa."

Na sayo ƙarin ƙaro. Muna bukatar tarago na biyu, saboda a rufe bakin Baldomero.