Ɗana Ya Rasa Hannun Da Zai Ci Abinci Da Shi

Anti Saffana, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni Bakanuwa ce, sarin mayafai ya kawo ni Guangzhou. A titin Liuhua Lu na haɗu da mijina Abdulgani, ɗan China, Musulmi gaba da baya. A da tauraro ne a besbol, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Shi mai jifa ne, kuma bahago. Ashe a wasansu bahagon mai jifa rububinsa ake yi. Kafin aurenmu kafaɗarsa ta lalace, aka yi masa aiki bai yi ba. Yanzu takalman wasanni yake sayarwa a shagon wani a unguwar Tianhe, ba mai ko waiwayarsa. Ko riga sai na taya shi sawa.

Ranar da ɗanmu Lukman ya fara ɗaukar cokali da hagu, wallahi mutumin nan kuka ya yi don murna. Ni kuwa gabana faɗuwa ya yi.

Da na yi doguwar jinya sai na aika yaron Kano wajen mahaifiyata. Kin dai san iyayenmu. Hajiya ta riƙa ɗaure masa hagun da ɗankwali, har ta dawo mini da shi badame, tana alfahari ta gyara jika. Uban ya miƙa masa ƙwallo, yaro ya jefa da dama. Ban taɓa ganin fuska ta mutu irin ta ranar ba.

Yanzu kullum da safe sai ya kai shi fili, ya ɗaure masa hannun dama da tsohuwar rigarsa ta wasa, wai sai hagun ta dawo. Hajiya kuma sai ta kira ta bidiyo daidai lokacin cin abinci, ta ga da wanne yake ci. Yaro ɗan shekara takwas ya fara in'ina. In na ajiye masa abinci sai ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinya, ya zuba wa kwano ido. Ya rame. Mijina gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na gaji, Anti, ban ga mafita ba.

Uwar Lukman, Guangzhou

Uwar Lukman, sannu. Ba zan yi miki daɗin baki ba: abin da mijinki yake nema ba hannun Lukman ba ne, nasa ne, kuma ba zai dawo ba. Mutum ne da aka daina tafa masa, ya ga dama ta biyu a jikin ɗansa, aka ƙwace ba da shawararsa ba. Yana da haƙƙin jin ciwo. Hajiya ma ba mugunta ta yi ba, abin da aka yi mata ta yi. Ci da dama tarbiyyarmu ce, amma ba da ɗauri ake koyar da ita ba.

To amma duk cikinku yaron ne ba ya cin abinci. Ɗaurin nan ya tsaya yau, ko da zai jawo rigima. Ki roƙi Hajiya cikin ladabi ta riƙa kira bayan an ci an sha. Ki kai shi wajen likita kan in'inar da ramar. Ki samu dattijon da mijinki ke jin nauyinsa a Masallacin Huaisheng ya zauna da shi, ko mijin naki ya yarda ya koya wa 'ya'yan wasu besbol. Mai yiwuwa ya ƙi. Mai yiwuwa ba zai taɓa huce wannan ba, gara ki sani tun yanzu.

Gobe ki ajiye kwano, ki sa cokali a tsakiya, ki kau da kai. Duk hannun da ya fito, kada ki ce komai. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki juriya.