Kukan Tsirkiya a Shagon Bappa

Inkil, Bauchi.

Zuwa ga Hamma Ikrima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya horon soja, ya rana? Tunda an karɓe muku waya, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban da ke kai muku kaya ne zai miƙa maka.

Hamma, akwai matsala a shago. Jitar da ka haɗa wa Godspower, shugaban mawaƙan cocin nan na Yelwa, ta dawo. Bayan tafiyarka Bappa ya ɗaura mata tsirkiya ya daidaita ta kamar yadda kuka saba, kai da sassaƙa shi da saurare, aka kai masa. Shekaranjiya sai ga mutumin da ita a kafaɗa. Ya kaɗa na ji da kunnena, tsirkiya tana ziza kamar ƙuda a kwalba. Ya ce, "Jannatu, ni ba na son rigima da Baba, amma jita nan yana kuka. In na sa shi a lasifika mutane zai gudu." Suna da babban taro ƙarshen wata, kuma ya ce zai dawo ya ɗauka kafin nan.

Bappa ya karɓa ya kaɗa, ya ce lafiyarta ƙalau, yaran zamani ne ba su san daɗi ba. Ka san shi. Mutumin da ya fara sassaƙa wa mafarauta garaya tun ba a auro Innarmu ba, wa zai ce masa kunnensa ya yi kuskure? Ni dai raina bai kwanta ba. Faɗa mini yadda ake gyarawa. Na iya riƙe magagari, ba muciya kaɗai ba.

Ƙanwarka,
Jannatu.

*

Sansanin horo.

Jannatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai na rame na yi baƙi, ba za ki so ki gan ni ba. Ki gaishe da Bappa.

Ki natsu, ziza ba mutuwa ba ce. Tsirkiya ce ke taɓa ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Ki kwantar da rular ƙarfe a kansu. Idan ta yi rawa a wani wuri, ƙarfe ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, sai ki buga shi a hankali da guduma ta katako. Idan duk sun daidaita, to ƙashin nan ne da tsirkiya ke hawa a ciki, wanda Bappa ke kira jaki, ya yi ƙasa. Akwai ƙashin saniya a gwangwanin da ke bayan ƙofa. Ki yanka sabo, ki bar shi da ɗan tsawo, ki riƙa gogewa kaɗan kaɗan kina kaɗawa har ziza ta ɗauke. Kada ki yi gaggawa, na san ki da zafin hannu.

Ki yi aikin ranar Juma'a idan ya tafi masallaci. Ba sai ya sani ba. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shagon nan kuma shi ne mutuncinsa a unguwa.

Yayanki,
Ikrima.

*

Inkil.

Hamma,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau ba ni da dogon gabatarwa.

Na bi maganarka. Ƙarafa lafiyarsu lau, jakin ne ya yi ƙasa. Na yanka sabo, na goge, na goge, har yatsata ta yi jini. Jita ta yi murya tas, na kusa yin guɗa. Na rataye ta inda take.

Da safe na kaɗa, ziza ta dawo. Na ce ko aljanu ne. Na sake yin wani jakin, ya sake komawa ƙasa. Sai na laɓe a bayan labule bayan sallar la'asar, na ga aljanin da idona. Bappa ne. Ya sauke ta ya kaɗa, ya yamutsa fuska. Ya ɗora tafin hannunsa a kan cikinta ya sake kaɗawa, ya girgiza kai, ya ɗauko magagari. Yana gogewa yana gwadawa, har tsirkiya ta fara dukan ƙarfe, katakon ya ɗauki karkarwa. A nan ne ya yi murmushi. Ka tuna garayarsa duk sai ya sa mata ceba, ƙarfen nan mai zobba da ke kacau-kacau, yana cewa kiɗan da ba ya karkarwa gawa ne? Da farko na ce tsohon hali ne ya motsa.

Amma Hamma, na kira shi daga inda nake. Na kira da ƙarfi. Bai waiwayo ba. Sai abubuwa suka faɗo mini: rediyon da ya daina kunnawa, bakin mutane da yake ƙura wa ido, sallar da yanzu yake duba inuwa kafin ya tashi maimakon jiran kira. Bappa ba ya ji. Da hannu yake sauraro, hannun kuma ziza kaɗai yake ji.

Na koma ɗaki na yi kuka mai isata. Me zan yi? Godspower na nan tafe.

Jannatu.

*

Sansanin horo.

Jannatu,

Salama. Takardarki ta hana ni cin abinci. Na lura da wani abu kafin in tafi, na ƙaryata kaina.

Ki saurare ni da kyau. Kada ki faɗa masa. Ba ke ba, ba yanzu ba. 'Ya ba ta kallon idon wanda ya goya ta ta ce ya ƙare. Ki gyara jitar ki kai ta gidan Hajja maƙwabciya ki ɓoye, ki aika wa Godspower ya karɓa a can. Ki ba Bappa tsohuwar jitata ya yi ta gogewa. Idan na dawo zan samu abokansa dattawa su zauna da shi, mu kai shi a duba kunnen.

Ki riƙe bakin nan naki. Wannan umarni ne.

Ikrima.

*

Inkil.

Hamma Ikrima,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta.

Na yi duk yadda ka ce. Abin da ba ka lissafa ba shi ne Godspower ɗan mutunci ne. Ya karɓi jita a gidan Hajja, ya kaɗa ya ji daɗi, sai ya ce ba zai wuce bai yi wa Bappa godiya ba. Kafin in tare shi har ya shiga shago. Majalisar Bappa kuwa ta cika, tela da mai shayi da mutum biyu daga Zungur.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, hannunka da albarka, yanzu ya yi daidai." Bappa ya kalli bakinsa, ya kalli jitar, ya miƙa hannu. Ya kaɗa. Ya ɗora tafi. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, "Wa ya kashe ta? Ba za ta fita daga shagona haka ba." Ya jawo magagari. Godspower ya dube ni, idonsa kamar zai faɗo. Taronsu washegari ne, kuma ƙashin da ke kanta shi ne na ƙarshe a gwangwani.

Na durƙusa kusa da shi na ce a hankali, "Bappa, ka bar ta." Bai ji ba. Na matsa bakin kunnensa na sake faɗa. Bai ji ba. Magagari ya hau ƙashi. Sai na riƙe masa hannu. Ni, a gaban maza. Ya ɗago ya ce, "Ke, lafiya?" Na ce kunnensa ne. Ya ce, "Me?" Na ƙara murya. Ya ce, "Me kika ce?"

Hamma, wallahi ba wata hanya. Maganar da ta kamata a yi ta cikin raɗa a ƙuryar ɗaki, da ihu na yi ta. Na ce, "Bappa, ba ka ji! Kunnenka ya tafi!" Har masu sayar da rake a titi sun juyo.

Bappa ya saki magagari, ya miƙa wa Godspower jitarsa da hannu biyu, ya sa takalmi ya shiga gida. Da gari ya waye ya hau mota zuwa Zungur wurin 'yan'uwansa masu shanu, bai yi mini sallama ba. Shago a rufe yake. Mutane na wucewa suna kallon ƙofa suna kallona.

Ka zage ni in kana so, na fi ka jin haushin kaina. Ina tsoron ba zai dawo ba.

Ƙanwarka,
Jannatu.

*

Zungur.

Bismillahi. Daga Bappanki Auwalu zuwa ga 'yata Jannatu. Gaisuwa da sa albarka.

Na zo da fushi. Na kwana biyu da shi. Jiya da safe ina zaune a bakin garke aka raba wani maraƙi da uwarsa. Na ga ya miƙe wuya, bakinsa a buɗe, jijiyar wuyansa tana rawa. Na jira kukan. Bai zo ba.

Kin kunyata ni a gaban mutane. Amma kowa a majalisar nan ya daɗe da sani, kuma duk sun fi ki ladabi, shi ya sa suka bar ni ina lalata aikin mutane ina murmushi. Da ba ki ɗaga murya ba, da ban ji ba.

Ki buɗe shago ki share. Ki sayo ƙashi wurin mahauta. Ina zuwa ranar kasuwa. Ni zan sassaƙa, ke za ki saurara, kuma idan kin ce ta yi, to ta yi.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.